Fallen da Na Ɗinka a Littafin Baba Tumba

Ran Asabar da ta wuce wani daga cikinku ya kawo mini Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarsa, ya dire shi a kan teburina ya ce, "Baba Filibus, gam kawai za ka shafa, ina jira." Na duba littafin. Bayansa ya rabu biyu, Zabura tana reto da zare guda, bangon kuma an naɗe shi da salatif sai ka ce ƙafar da ta karye. Na ce ya dawo bayan mako biyu. Ya yi dariya, ya ce ai shi ma zai iya, ya ga yadda ake yi a waya. Ban hana shi ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ran Laraba uwarsa ta dawo mini da littafin, ganyen Ishaya guda takwas sun manne sun zama kwali.

Shi ya sa da kuka ce in zo taron matasa in yi muku bayanin sana'ata, na ce ni ba gwanin tsayawa gaban jama'a ba ne, gara in rubuta. Kuma ba labarin gam zan ba ku ba. Akwai wata yarinya a Damare da saura ƙiris ta tashi ba ta da suna a littafin gidan kakanta, kuma a kan teburin nan nawa aka fara rigimar. Amma ba za ku gane abin da na yi a kai ba sai kun san yadda aikin yake.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan dama sitati ne. Na zo Jimeta daga wani ƙauye a wajen Numan bayan na gama firamare, kawuna ya kai ni wurin Bappa Hammadu, wani Bafillace na cikin garin Yola. Gidansu tun kakanni su ke yi wa modibbai, wato manyan malamansu, gafakar Alƙur'ani, shi kuma ya buɗe rumfa a Jimeta yana ɗinka rajistar makarantu da duk littafin da ya gaji. Shekara guda cur ban taɓa littafi ba. Ina dama sitatin rogo a kan gawayi har ya yi sulɓi babu gudaji, ina jan zare a cikin kakin zuma don kada ya ci takarda, ina wasa aska. Kayan aikinsa ba su da yawa: allura, basilla, rula ta ƙarfe, katako biyu da ake matse littafi a tsakaninsu, da wani ƙashin haƙarƙarin sa da ya goge ya yi santsi, wanda ake ɗaga ganye da shi, a kuma kwantar da ninki. Ƙashin nan yana nan a wurina har yau, kuma duk wanda ya buɗe kwalbar lemo da shi zai ga fushina.

Bappa ba ya taɓa littafin addini sai ya wanke hannu, nasu ne ko namu. Alƙur'ani shi kaɗai yake aikinsa. Littafi Mai Tsarki kuwa da na fara ƙwarewa sai ya bar mini, yana kallo ta gefen ido.

A shekarata ta uku wani tsohon malamin makaranta daga Ganye ya kawo nasa. Fallayen farko, waɗanda ake barinsu farare kafin a shiga Farawa, sun yi baƙi ƙirin da maiƙo, an cika su da rubutu iri-iri, wani da fensir, wani da tawada, wani a karkace. Ni kuma ina so in burge. Na fizge su, na sa sababbi farare tas, tsofaffin na cusa su a wutar sitati. Da malamin ya zo na miƙa masa ina murmushi. Ya buɗe bangon, ya juya, ya sake juyawa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Yaro, ina babana?"

Sunan ubansa ne a wurin, da na kakansa, da ranakun baftismar 'ya'yansa, da na jarirai uku da suka rasu tun ba a yaye su ba, waɗanda matarsa marigayiya ce ta rubuta da hannunta. Ya zauna a benci ya yi ta ƙoƙarin tunawa. Biyu daga cikin jariran ya tuna sunansu, na ukun ya ƙi zuwa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan ya tafi Bappa bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Filibu, zauna. Kirga mini iyayenka." Na faɗi babana, na faɗi kakana, na tsaya. Shi kuma ya jero nasa har goma sha ɗaya ba tare da ya ja numfashi ba. Ya ce, "Wanda bai san nasa ba shi ke ƙona na wani." Da Kirsimetin shekarar Bappa ya kore ni gida, ya ce kada in dawo sai na zauna da kakata na rubuto duk wanda ta sani. Na dawo da suna shida. Daga ranar na ɗaura wa kaina doka, kuma ban taɓa karya ta ba: ganye ba ya fita daga littafin da ya shigo hannuna, komai dattinsa.

Akwai abin da mai gyaran littafi yake gani wanda fasto ba ya gani. Ka rufe littafin mutum ka dubi bakin ganyayen, za ka san inda yake kiwo. Zabura kullum baƙa ce da yatsa. Yohanna ma haka, da Karin Magana in mai littafin yana da 'ya'ya masu taurin kai. Amma surorin farko na Tarihi, da shafin farko na Matiyu, inda aka jera wane ya haifi wane, farare ne fes kamar yau aka buga su. Na gyara na dattawan ikilisiya, na gyara na shugabannin zumuntar mata, duk kanwar ja ce. Ni kaina haka nake. In na zo wurin sai in tsallake in ce sunayen mutanen da ne, ba abin da za su ƙara mini.

Littafin Baba Tumba ya zo mini a muguwar shekara, shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda. Ku a lokacin kuna ƙanana. Jimeta ta cika ta batse. Harabar coci, ajin makaranta, gidan kowa, mutane ne. Gidana na Damilu ɗaki biyu ne, amma sai da muka kwana da iyali uku waɗanda ban taɓa gani ba. Aikin rajista ya tsaya, kwali mai kyau ya ɓace a kasuwa, na koma yanka kwalin taliya ina haɗa shi uku-uku ina yin bango. Bappa ya riga ya rasu, rumfar tana hannuna. Abin da ya yi ta zuwa shi ne Littattafai Masu Tsarki na masu gudu: wanda ya sha ruwan sama a kan dutse, wanda wuta ta lashi gefensa, wanda aka tsallaka kogi da shi a ka. Mutum ya bar shanunsa da rumbunsa, ya ɗauko wannan.

Baba Tumba dogon tsoho ne daga wajen Michika, dattijon ikilisiya ne a garinsu, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya kwance ledar da ya ƙunshe littafin, sai ga abu kamar tubali, ya kumbura ya fara funfuna. Ya ce, "Malam, na babana ne. In ba zai gyaru ba ka faɗa mini gaskiya." Na ce zai gyaru, amma ba da gaggawa ba.

Jiƙaƙƙen littafi ba a shanya shi a rana, zai kanannaɗe. Ba a sa masa dutsen guga, tawadar za ta bi. Sai ka yanke tsohon zaren, ka raba shi kashi-kashi, ka sa ƙashi ka ɗaga ganye ɗaya-ɗaya, ka cusa farar takarda a tsakani ta tsotse ruwan, gobe ka canza ta. Ganyen Littafi Mai Tsarki kuwa ya fi ɓawon albasa laushi, in ka ja da ƙarfi rabin aya ya tafi. Sati uku na yi a kansa. Kuma tun da idona yana kan kowane layi don kada ya yage, dole na karanta abin da na saba tsallakewa.

A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Jerin sunayen nan na Tarihi, in ka bi shi har ƙarshe, yana kai ka ga mutanen da aka kwashe zuwa bauta suka dawo suka tarar da kango. Ba su da gida, ba su da gona, sai suka zauna suna kirga iyayensu, don su tabbatar wa kansu har yanzu su mutanen alkawari ne, Allah bai ɓatar da lissafinsu ba. Na ɗaga kai na dubi masu jira a bencina, kowa da ƙunshinsa a cinya. Da na iso Matiyu kuma sai na ga mata huɗu a cikin asalin Almasihu kafin a zo kan Maryamu: Tamar, Rahab, Rut, da matar Uriya. Babu ko ɗaya a cikinsu da gidan masu mutunci zai so a tona labarinta ranar biki. Wata baƙuwa ce daga ƙabilar abokan gaba, wata karuwa, wata sarki ya sa aka ɗauko ta ba da shawararta ba. Duk da haka an rubuta su, kuma ta wurinsu zuriyar ta bi.

Fallen farko na littafin ya tsira, don yawancinsa da fensir aka rubuta. Ya fara da kakan Baba Tumba, wanda ya mutu yana bin addinin gargajiya, sai ubansa, wanda shi ne na farko da aka yi wa baftisma a gidan, sai shi, sai 'ya'yansa bakwai. Ranar da ya zo karɓa ya shafa sabon bangon, ya ce in ara masa biro. A gabana ya zana gicciye kusa da suna biyu, alamar mutuwa ke nan. Ɗaya Zira ne, ɗansa, wanda aka yanka a gaban idonsa. Ɗayan Kwanye, 'yarsa mai ɗinki, wadda mutanen daji suka tare motarsu a hanya suka tafi da ita.

Na ce, "Baba, ita ai ba ka ga gawarta ba."

Ya ce, "Wanda yaran nan suka ɗauka ya mutu, Malam." Ya mayar mini da birona.

Bayan shekara uku, da hantsi, ina yanka fata, sai ga shi a ƙofar rumfa da littafin a hammata. A lokacin ya samu gona a Damare ya zauna. Bayansa wata mata ce ramammiya da goyo. Ya ce, "Kwanye ya dawo. Sojoji sun same su." Na tashi na yi musu barka, na yi wa Allah godiya da gaske, don ban taɓa ganin an zana wa mutum gicciye ya dawo da ƙafarsa ba.

Ya buɗe fallen farko ya nuna mini. Ya ce in cire shi in sa sabo, zai sake kwafe sunayen ba tare da gicciyen Kwanye ba. Na ce ganye ba ya fita a hannuna, balle wanda hannun ubansa yake kai, amma zan iya ƙara masa wani falle ya rubuta cewa ta dawo. Ya yarda. Sai na dubi 'yar da ke bayan Kwanye, wadda ta leƙo tana kallon almakashina, na ce, "Ita kuma wannan yaya sunanta? Sai in ja layi biyu."

Kwanye ta ce, "Kuve." A wurinsu sunan 'yar fari ke nan.

Baba Tumba ya ce, "Layi ɗaya za ka ja."

Na ce, "Baba, jikarka ce fa."

Ya ce, "A wurinmu yaro na gidan uba ne. Ubansa waye? Ko shi ne ya yanka Zira, wa ya sani? Zan ba shi abinci, ba zan kore shi ba. Amma littafin babana, a'a. Barewa ba ya gudu ɗansa ya yi rarrafe."

Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce shi bai zo sauraron wa'azi ba, a coci shi ne mai yi. Kwanye ta gyara goyonta ta juya mana baya. Suka bar littafin suka tafi.

Washegari ta dawo ita kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, kai ka rubuta. Hannunka yana da kyau, ka sa ko a ƙasa can, ƙarami. A gida 'ya'yan yayyena ba su cin abinci kwano ɗaya da ita. A rijiya ana ce mata 'yar daji. Gobe in na kai ta baftisma ko makaranta, aka ce sunan uba, me zan ce?"

Na ce ba zan rubuta ba. A al'adar gidajen nan maigida ne kaɗai yake sa suna a littafin, kuma kowa a gidan ya san hannunsa. Sunan da mai gyaran littafi ya saka a ɓoye ba zai sa kowa ya ci abinci da ita ba, ranar da aka gani ma sai a kankare shi, abin ya fi na da muni. Ta dube ni ta ce, "Ku maza duk ɗaya ne." Ta tashi ta fita. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu ku saurari ɓangaren aikin. In za ka ƙara falle a littafi, doka biyu ce. Takardar ta zama daidai da kaurin ganyen littafin, kuma ka sa ta a gaba ko a baya, kusa da bango. In ka kuskura ka ɗinka takarda mai kauri a tsakiyar ganye masu laushi, bayan littafin zai karye a wurin, kuma har ya tsufa duk wanda ya ɗauke shi a nan zai buɗe. Wannan aibi ne a sana'armu. Da Bappa ya ga almajirinsa ya yi haka, da ya sa shi ya warware ya sake.

Ni kuwa na nemo takarda mafi kauri a rumfar, ragowar wata tsohuwar rajista. Na ja mata layuka da rula, ba ɗaya ba, har ƙasa. Na buɗe littafin daidai tsakanin Malakai da Matiyu, na ɗinka ta da zare mai kaki riɓi biyu, na ja da ƙarfi, yadda fuskarta za ta kalli jerin asalin Almasihu. Sannan na matse littafin a buɗe a wurin kwana uku, don ya saba. Da gangan na yi, kuma shi ne kaɗai aikin da na taɓa ɓatawa da sanina a shekara arba'in da wani abu.

Da Baba Tumba ya zo, ya ɗan yi mamakin wurin da na sa fallen. Na ce a manyan littattafan iyali ma a tsakanin Alkawari biyu ake sa shi, kuma wannan gaskiya ne, ko da yake ba shi ne dalilina ba. Ya karɓi biro ya rubuta a layin farko, "Kwanye ya dawo." Ya rufe ya tafi. Layi na biyu yana nan fari.

Wata biyu bayan haka ya dawo fuska a murtuke. Ya ce, "Malam Filibus, littafin nan ya yi taurin kai. Ina neman Zabura, Matiyu ne. Ina neman Romawa, Matiyu ne. Har a gaban ikilisiya ya kunyata ni."

Na ce, "To tun da ya tare ka, ka karanta mana."

Ya ce, "Sunaye ne kawai a wurin."

Na ce, "Haka ne. Ni ma na manta, Baba, wace ce ta haifi Bo'aza?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya rufe. Dattijon ikilisiya ne, ya fi ni sanin Rahab da garin da ta fito. Ya gane hannunka mai sanda nake yi masa. Ya ce in warware ɗinkin yanzu-yanzu. Na ce ba zan warware ba. Ya ce zai kai wa wani. Na ce ya kai, amma ya sani duk Jimeta masu gam ne, in suka fizge fallen Malakai zai bi shi, Matiyu ma zai bi shi. Ya ce ashe ni mugun mutum ne bai sani ba. Ya ɗauki littafinsa ya fita ko sallama babu.

Shekara shida bai sake taka rumfata ba. Mutanen cocinsu ma suka daina kawo mini aiki, don ya gaya musu hannuna ya lalace. Kwanye ta dawo Jimeta da 'yarta ta kama ɗaki tana ɗinki, in mun haɗu a kasuwa gaisuwar ba ta wuce biyu. Na sha tambayar kaina ko shisshigi na yi a gidan da ba nawa ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ko sau ɗaya ban ji zan warware ɗinkin ba da an kawo mini shi.

Sai wata rana bayan an cire gyaɗa, Kwanye ta zo rumfa. Ta ce Baba ya faɗi a gona wata huɗu da suka wuce, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, ta koma Damare tana jinyarsa. Ta ce, "Yana kiranka. Ya ce ka zo da kayan aikinka." Na zuba sitati a gwangwani, na ɗauki ƙashina da 'yar takarda mai laushi, muka hau keke napep muka tsallaka gada.

Na same shi a kan tabarma a gindin mangwaro, an jingina shi da buhu. Ya rame, bakinsa ya karkace. Littafin yana kan cinyarsa a buɗe, ba sai na faɗi inda ya buɗe ba. Kusa da shi wata yarinya ce 'yar shekara takwas da rigar makaranta. Fallen nan nawa ya yage a layi na biyu, biro ya huda shi ya ja tsaga kamar tsawon yatsa.

Kwanye ta yi mini bayani. Tun da ya kwanta ba ya iya riƙe littafin, sauran jikokin kuma ba mai zama. Kuve ce in ta taso daga makaranta take zama ta karanta masa. Ita ba ta san neman sura ba, inda ya buɗe nan take karantawa. Kullum sunayen nan, tana tuntuɓe a kansu tana maimaitawa. Sai ta fara tambaya: Kaka, wace ce Rahab, wace ce Rut, me ya sa ba a faɗi sunan matar Uriya ba. Dole ya amsa, da karkataccen bakinsa, ɗaya bayan ɗaya. Rannan ta dubi ɗayan shafin ta karanta sunan uwarta, ta ce ita ina nata. A ranar ya sa aka ba shi biro a hannun hagu, hannun ya yi rawa, takardar ta yage.

Ya dube ni. Maganarsa tana fita da ƙyar. Ya ce, "Malam Filibus, har yanzu kai mugu ne." Na ce na karɓa. Ya ce, "Ubangiji bai ji kunya ya sa su a gidansa ba. Ni wane ne? Gyara mini."

Na wanke hannu na zauna. Tsaga irin wannan ta baya ake kama ta. Na haɗa bakinta da ƙashi, na shafa sitati kaɗan a siririyar takarda, na kwantar a bayan fallen, na sa tsumma na danne da tafin hannu har ya sha iska. Kaji suna ta tono a wajen shanyar gyaɗa. Da ya bushe na ɗora littafin a kan faifai a cinyarsa, na ba shi fensir, don ya fi biro tausayin takarda.

Ya kama fensirin da hagu, hannun yana kaɗawa. Ya gwada sau biyu bai ko taɓa layin ba. Kwanye ta miƙo hannu za ta taimaka, ya girgiza kai. Ya ce, "Kuve, zo. Kama hannun Kaka. Kai ka san rubutu."

Yarinyar ta durƙusa ta ɗora hannunta a kan nasa. Ta ce, "Me zan sa bayan Kuve?" A makaranta sunan uwarta aka cike mata da shi, yara suna yi mata dariya.

Ya ce, "Tumba."

Suka rubuta tare, a hankali, tana cije leɓe. Baƙaƙen suka fito manya-manya irin na 'yan aji biyu, suka gangara suka haye layi uku. Kwanye ta rufe fuska da gyale ta shige ɗaki. Ni ma idona ya cika, sai na fake da tattara kayana. Da na dubi rubutun, halin sana'a ya motsa, na ce in yana so zan goge a hankali su sake, ya zauna a layi ɗaya.

Ya ɗora hannunsa mai rai a kan shafin ya ce, "Bar shi haka. Ya daɗe yana jiran fili."